Wuƙa a Jikin Mai Lafiya: Waiwaye Kan Tarihin Tiyatar Gyaran Sura

Ranar Lahadi, 23 ga watan Oktoba na shekarar 2005, muna cikin watan azumi, rediyo ta tashe mu da labarai biyu marasa daɗin ji. Na farko, jirgin saman da ya tashi daga Ikko zai tafi Abuja a daren Asabar ya faɗi a wani ƙauye na Jihar Ogun, mutum 117 da ke cikinsa babu wanda ya tsira. Na biyu, uwargidan Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Stella Obasanjo, ta rasu a ƙasar Sifaniya, saura 'yan makonni ta cika shekara sittin. Lokacin ban daɗe da fara koyarwa ba. Da muka haɗu a ɗakin malamai ranar Litinin, wani dattijon malamin lissafi da duk muke kira Baba ya tambaya wace irin cuta ce ta ɗauke ta haka farat ɗaya. Aka ce masa ai ba cuta ba ce, kitsen ciki aka je rage mata. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Wato mutum da lafiyarsa ya taka da ƙafarsa ya je ya kwanta a sa masa wuƙa?"

Na manta da wannan tambaya ta Baba sai bara, da wata ƙawata wadda muka yi Kwalejin Ilimi tare ta zo ta shaida mini ta shiga adashe, in ta ɗauka za ta je a yi mata aikin teɓa. Haihuwarta shida. Ta ce maigidanta bai taɓa furta komai ba, amma madubi kullum sai ya yi mata magana. Ta ce, "Ke da ba kya rabo da takarda, me kika gani?" To ni ba likita ba ce, tarihi nake koyarwa. Abin da zan iya kawai shi ne in bi sawun wannan aiki daga inda ya taso, in ga su wa ya amfana, su wa kuma ya binne.

Dabarar gyara jikin mutum da wuƙa da allura daɗaɗɗiya ce, amma a matsayin faci ta fara. A ƙasar Indiya, tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani likita mai suna Sushruta ya bayyana yadda ake yanko fata daga kumatu a gina wa mutum sabon hanci, domin a can yanke hanci hukunci ne da ake yi wa masu laifi. A tarihin Musulunci an san labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. A 1597 Gaspare Tagliacozzi na birnin Bologna a Italiya ya wallafa littafi kan gina hanci da fatar dantse, inda ake ɗaure hannun majiyyaci a jikin fuskarsa na tsawon makonni har fatar ta kama. Sai kuma Yaƙin Duniya na Farko, wanda ya samar wa likitoci fuskoki a farfashe fiye da yadda aka taɓa gani. A asibitin Sidcup na Ingila da aka buɗe a 1917, Harold Gillies da abokan aikinsa sun yi wa sojoji fiye da 5,000 aiki.

Duk waɗannan mutane abu guda ya haɗa su, wato sun zo wa likita ne da rashi. Wanda ba shi da hanci, in aiki ya ɓaci, dama can a ɓace yake. Lissafin ya sauya ne ranar da mai lafiya ya shigo ɗakin tiyata.

An fara taɓa kitse tun ƙarshen ƙarni na 19. A 1899 Howard Kelly, likitan mata a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya yanke wa wata mata teɓar da ta haura kilo bakwai. A daidai wannan zamani wasu likitocin Turai suka shiga yi wa mutane allurar kakin farafin don cike ramin kumatu da hanci da ƙirji. Da farko abin gwanin sha'awa, bayan 'yan shekaru sai kakin ya dunƙule, ya yi ta yawo a ƙarƙashin fata yana haifar da ƙulluttai da gyambo. Amma shari'ar da ta fi kowace tasiri a wannan fage a birnin Faris aka yi ta, kuma ina ganin ya kamata mu ɗan tsaya a kanta.

A shekarar 1926 wata matashiya da ke harkar tufafin zamani a Faris ta je wurin Dokta Charles Dujarier, wanda babban likitan tiyata ne mai suna, ba ɗan koyo ba. Damuwarta ita ce ƙafafuwanta sun yi kauri, ga shi yayin gajeren siket ake yi. Likita ya fara da ƙafa ɗaya. Ya yanke kitse da fata mai yawa daga sha-raɓarta, da ya zo rufewa fatar da ta rage ta ƙi haɗuwa sai da matsi. Jini ya daina isa ƙasan ƙafar, nama ya fara ruɓewa, cikin 'yan makonni dole aka yanke ƙafar. Ta kai ƙara, a 1929 kotu ta yanke wa likitan diyyar faran 200,000.

Ba yawan kuɗin ne ya girgiza likitocin Faransa ba, hujjar alƙalan ce. Ba su tsaya kan ko ya iya ɗinki ko bai iya ba. Cewa suka yi tun farko laifi ne likita ya jefa gaɓa mai lafiya cikin babban haɗari don kawai a gyara mata siffa. Mai karatu zai lura cewa wannan ita ce dai tambayar Baba malamin lissafi, sai dai an yi ta da harshen lauyoyi. Da wannan hukunci ya tsaya yadda yake, da an rufe tiyatar kwalliya a Faransa baki ɗaya. Likitoci suka tayar da ƙayar baya, aka ɗaukaka ƙara. A 1931 kotun sama ta bar diyyar yadda take, amma ta sauya hujja, ta ce laifin likitan shi ne bai fayyace wa matar girman haɗarin da za ta shiga ba. Daga ranar nauyi ya tashi daga kan "kada a yi" ya koma kan "a faɗa mata tukuna". Takardar yarda da ake miƙa wa mace ta sa hannu kafin a tura ta ɗakin tiyata a yau, irin wannan tunani ne ya haife ta. Ko ana karanta ta, wannan wata magana ce.

Bayan wannan ƙafa da aka yanke, kusan shekara arba'in likitoci suna ɗari-ɗari da kitsen cinya da ƙafa. Wanda ya yi ƙarfin hali ya yanka, sai ya bar tabo mai tsawon kamu biyu. Mafita ta zo ne a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da wani uba da ɗansa a birnin Rum, Arpad da Giorgio Fischer, suka haɗa siririn bututun ƙarfe da injin zuƙa, ana sa shi ta 'yar ƙaramar kafa a fata. A 1977 Yves-Gérard Illouz, ɗan haihuwar birnin Oran na Aljeriya da ke aiki a Faris, ya kyautata dabarar. Hikimarsa mai sauƙi ce: bakin bututun ya zama dakusasshe. Abu mai kaifi yana datse duk abin da ya tarar, jijiyar jini da ta ji. Dakusasshe kuwa ratsawa yake yi ta tsakaninsu, ya bar ramuka a cikin kitse kamar aikin gara, daga baya fata ta kwanta a kansu. A 1982 dabarar ta ƙetara zuwa Amurka. Matsalar da ta rage ita ce zubar jini, don a farkon lamari wani lokaci kashi ɗaya cikin uku na abin da aka zuƙo jini ne. A 1987 wani likitan fata a Kalifoniya, Jeffrey Klein, ya wallafa hanyar cika wurin da ruwan gishiri mai yawa haɗe da maganin kashe zafi da wani magani mai tsuke jijiyoyin jini. Jinin da ake asara ya faɗo zuwa kamar kashi 1 cikin 100.

Sai dai fa sauƙin nan shi ya buɗe wata ƙofar. Tunda aiki ya zama ba sai an kwantar da mutum a babban asibiti ba, likitocin da ba su da horon tiyata suka shigo, wasu bayan kwas na 'yan kwanaki, suna yi a ofisoshinsu. Aka shiga gasar wa zai fi zuƙo lita mai yawa, ana haɗa aiki uku ko huɗu a kwanciya ɗaya. A shekarar 2000 wasu likitoci biyu, Grazer da de Jong, suka fitar da sakamakon tambayoyin da suka yi wa takwarorinsu a Amurka: tsakanin 1994 da 1998 an sami mutuwa 95 cikin aiki kusan 496,000, wato kimanin mutum 1 cikin 5,000. Abin da ya fi kisa shi ne gudan jini da ke daskarewa a jijiyar ƙafa, ya ɓalle ya je ya toshe huhu. Bayan wannan ne aka tsaurara ƙa'ida, aka ce zuƙar da ta wuce lita biyar babban aiki ce, sai a inda za a kwana ana lura da majiyyaci.

Shekara biyar bayan wannan rahoto aka yi rasuwar da na fara da ita. Abin da ya fito a kotun Malaga a 2009 shi ne bututun zuƙar ya kauce daga kitse ya shiga kogon ciki, ya huda hanji ya yanki hanta. Wannan kuskure ne da ke iya faruwa, kuma ana iya ceto rai in an gano da wuri. Amma aka yi ta jinkiri tana galabaita, ba a kai ta asibitin da ke da kayan ceto ba sai da lokaci ya ƙure. Kotu ta sami likitan da laifin kisa ta hanyar sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, ta hana shi aiki shekara uku, da diyyar Yuro 120,000. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne, matar Shugaban Ƙasa ce, a Turai, kuɗi ba su gaza ba. Abin da ya gaza shi ne mai lura a daren da aka gama aiki.

Yanzu sai mu koma Burazil, domin aikin da ya fi tashe a zamanin nan da sunanta ake kiransa. Uban tiyatar kwalliya a can shi ne Ivo Pitanguy. A watan Disamba na 1961 gobara ta tashi a wata babbar rumfar wasa a garin Niteroi, ta kashe mutum wajen 500, akasarinsu yara. Pitanguy ya yi makonni yana yi wa waɗanda suka ƙone dashen fata. Daga baya ya zama likitan sarakuna da 'yan fim, amma shekara da shekaru yana da sashe a wani asibitin jinƙai na birnin Rio inda ake yi wa talakawa aiki kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Ra'ayinsa shi ne ciwon da mutum ke ji game da siffarsa ciwo ne na gaske, kuma ba mai kuɗi kaɗai ke jin sa ba. Ya rasu a 2016. Ɗalibansa sun watsu a duniya, kuma a wannan yanayi na Burazil ne aka bunƙasa aikin da ake taƙaita sunansa da BBL, wato a zuƙo kitse daga ciki da kwiɓi, a tace, a mayar da shi cikin mazaunai.

A ido abin kamar ba haɗari, tunda kitsen mutum ne aka mayar masa. Amma a ƙarƙashin tsokar mazaunai akwai manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. In bututu ya nutsa cikin tsoka ya yaga ɗaya daga cikinsu, kitsen yana bin jini ya cika zuciya da huhu, mace ta mutu a kan gadon aiki ko cikin 'yan sa'o'i, ana ji ana gani. Likitocin Meziko da Kolombiya ne suka fara bayyana haka a 2015 daga binciken gawarwaki. A 2017 wani kwamitin likitoci a Amurka ya ƙiyasta mutuwa 1 cikin kimanin 3,000, adadin da ya zarce na kowace tiyatar kwalliya. A 2018 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Birtaniya ta shawarci 'ya'yanta su dakata da yin aikin, ba ta sassauta ba sai 2022, bisa sharaɗin kitse ya tsaya a ƙarƙashin fata kawai kuma a riƙa kallon bakin bututu da na'urar hoton ciki. Jihar Fulorida ta Amurka ta haramta sa kitse cikin tsoka a 2019. Ƙiyasin da ya biyo baya ya nuna haɗarin ya sauko zuwa kamar 1 cikin 15,000, sai dai waɗannan alƙaluma daga bakin likitoci ake tattara su, kuma wanda majiyyaciyarsa ta mutu ba ya gaggawar cike takarda. Wani bincike a kudancin Fulorida ya ƙirga mutuwa 25 tsakanin 2010 da 2022, fiye da kashi 90 cikin 100 a asibitocin araha masu yin aiki kamar injin niƙa. Har sai da hukuma ta ƙayyade wa likita aiki uku a rana a 2022, don an tarar da masu yin ninkin haka.

A nan ba zan iya wucewa ban tuna Sarah Baartman ba, 'yar ƙabilar Khoi ta Afirka ta Kudu, wadda aka kai Landan a 1810 ana baje kolinta a rumfa, Turawa na biyan kuɗi su kalli girman mazaunanta suna dariya. Ta mutu a Faris a 1815, aka baje kolin ƙasusuwanta da siffar jikinta a gidan tarihi har cikin shekarun 1970, ba a mayar da ita gida an binne ba sai 2002. Surar da aka yi wa dariya ita ce bayan shekara ɗari biyu ake sayen ta da rai. Matar Faris kuwa siranta ta je nema ta rasa ƙafa. Efik na Kalaba sun daɗe suna killace amarya su ciyar da ita har ta yi ƙiba, mu kuma nan mun san 'yan matan da ke shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Yayi yana juyawa duk bayan 'yan shekaru, abin da aka yanke kuwa ba ya komawa. Mu masu rubutu ma ba za mu wanke hannu ba, don da wuya ka buɗe littafin soyayya ka tarar da tauraruwar da ba ƙirar kalangu ba.

To ina amfanin? Akwai shi, kuma rashin adalci ne a ɓoye. Amma sai an fara cire abin da aikin ba ya yi. Ba maganin ƙiba ba ne. A 2004 masu bincike a birnin St. Louis suka zuƙe wa mata masu ƙiba kitse kimanin kilo goma kowace, suka auna su bayan makonni, ba a ga sauyi a sukarinsu ko hawan jininsu ko kitsen jininsu ba. Dalili shi ne kitsen da ke jawo waɗannan cututtuka yana can ciki kewaye da hanji da hanta, inda bututu ba ya zuwa. A 2011 wani binciken a Kolorado ya nuna cewa cikin shekara guda kitsen da aka cire daga cinya ya dawo, sai dai a saman ciki ya sauka.

Inda amfanin yake a fili shi ne wurin wanda ya zubar da ƙiba mai yawa, fata ta zubo masa kamar zani, ƙarƙashinta kullum a jiƙe da ƙuraje. Haka macen da yawan haihuwa ya raba mata tsokar ciki biyu, baya yana ciwo, wani lokaci har da ƙabar cibiya. Ɗinke tsokar yana kawo sauƙi na haƙiƙa. Haka mai nauyin ƙirjin da ya lanƙwasa mata wuya da kafaɗa, da saurayin da ƙirjinsa ya fito irin na mata har ya daina cire riga a gaban 'yan'uwansa, da wadda hannunta ya kumbura bayan aikin sankarar mama. Ko wanda ba shi da ɗaya daga cikin waɗannan, in aiki ya yi kyau yakan sami natsuwa da jikinsa, kuma ni ba na raina wannan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta bi kusan wannan layi: ta halatta gyaran abin da haihuwa ko ƙuna ko haɗari ko cuta suka ɓata, ta halatta zuƙar kitse in ƙibar ta zama cuta kuma babu wata hanya, ta hana sauya lafiyayyar halitta don son rai ko kwaikwayon wasu. Wanda ke son ganin tsohuwar fuskar wannan ilimi, ta Sushruta da Gillies, ba sai ya ƙetare teku ba. A Sakkwato akwai asibitin da tun 1999 ake gina wa yara fuskokin da cutar noma ta cinye.

Ko aikin teɓar da ƙawata ke so ba ƙaramin abu ba ne. Wani nazari na 2015 kan mutum fiye da 25,000 ya nuna 4 cikin 100 sun gamu da babbar matsala, kamar taruwar jini, shigar ƙwayoyin cuta ko gudan jini, alhali a sauran ayyukan kwalliya adadin bai kai 2 cikin 100 ba. Haɗarin yana ƙaruwa in an haɗa shi da wani aikin, ko mace tana da sukari, ko ta hau jirgi doguwar tafiya kafin ta warware. Tabon daga wannan ƙugu yake zuwa wancan, kuma baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu. In ta sake ɗaukar ciki, ɗinkin tsoka yana iya warwarewa.

Na zauna na faɗa mata duk wannan, tun daga ƙafar matar Faris har daren Sifaniya. Na ce in dai sai ta yi, ta tambayi likitan ko ƙwararre ne a wannan fanni da shaidar da za a iya bincikawa, wa zai sa ta barci, aiki nawa yake yi a rana, akwai jini a ajiye da ɗakin kulawa ta musamman a ginin ko babu, kuma wa zai ɗauki waya da ƙarfe biyun dare. Ta rubuta su a bayan littafin makin ɗalibanta. Daga baya ta je asibitin koyarwa aka duba ta, aka tarar lallai tsokar cikinta ta rabu kuma akwai 'yar ƙaba a cibiya, amma aka ce sai ta fara sauko da hawan jininta kafin a yi maganar wuƙa. Wanda ta fara gani a waya, mai hotunan "kafin" da "bayan", shi bai tambaye ta hawan jini ba, lambar asusu ya turo.

Ɗaukar adashenta ta faɗo a watan jiya. Kuɗin suna nan a banki, tana shan maganin hawan jini, kuma har ranar da nake wannan rubutu ba ta ce za ta yi ba, ba ta kuma ce ta fasa ba.